Na'urar kirifto da kalmomi 24: abin da in ya ɓata an gama

Zare ne mai tsawo, ku gyara zama. Duk inda aka ɗauko maganar na'urar ajiyar kirifto, irin su Ledger da Trezor, tambaya ɗaya ce ke fara fitowa: "To in ta faɗi ko aka sace ta fa, shikenan kuɗin sun tafi?" Amsar ita ce a'a. Amma akwai wani abu da in ya ɓata kuɗin sun tafi har abada, kuma shi ne aka fi wasa da shi.

Bari mu fara daga tushe. Babu ko sisi a cikin na'urar nan. Kuɗinka, Bitcoin ne ko USDT, rubutu ne a wani babban kundi da ake kira bulokcen, wanda dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da kwafinsa. Kai abin da ke hannunka makulli ne, wanda ke ba ka ikon sa hannu a ce "a ɗebi kaza daga adireshina a kai wancan".

Walet ɗin waya, irin Trust Wallet ko MetaMask, yana ajiye makullin nan ne a cikin wayar da kake kallon TikTok da ita, kake danna duk linkin da aka jefo a guruf, kake miƙa wa ƙaninka ya buga gem. Ita kuwa na'ura, a cikinta ake ƙirƙirar makullin, kuma an ƙera ta ne don ya zauna a can.

Ga yadda nake kwatanta wa mutane. Ka ɗauka akwai wani dattijo a ɗaki a kulle, hatiminka na hannunsa. Ana zura masa takarda ta ƙarƙashin ƙofa, ya karanto maka abin da ke ciki ta taga, in ka ce ka yarda ya buga hatimi ya turo takardar waje. Takarda na shiga tana fita, hatimi bai ko leƙo ƙofa ba. Tagar nan ita ce ɗan ƙaramin allon na'urar. Ku riƙe maganar taga, za mu dawo kanta.

Wani zai ce, me ya yi zafi, ga dandalin musaya da ke ajiye wa mutum a sauƙaƙe? Abin da kake gani a dandali lamba ce da alkawari, makullin na hannunsu. Mt. Gox na Japan ya rufe a 2014 da Bitcoin kusan 850,000 na ɓata. FTX ya durƙushe a Nuwamban 2022, mai shi Sam Bankman-Fried an yanke masa shekara 25 a gidan yari.

A nan gida kuma doka ce ke juyawa kamar iskar damina. Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto, sai Disambar 2023 ya janye. Maris ɗin 2024 Binance ya daina aiki da naira gaba ɗaya. Wanda ya ga waɗannan kwanakin ya san yadda ake kwana da tsari ɗaya a tashi da wani.

Ni abin da ya tura ni ƙarami ne a kan waɗannan. Wani dandali, ba zan kama suna ba, ya riƙe mini kuɗi kwana 11 da sunan bincike, daidai lokacin da ake jiran su a biya kuɗin makarantar ƙanwata. Na tura katin shaida, na tura hoton fuskata ina riƙe da takarda kamar wanda aka kama da akuyar sata. Amsa ɗaya inji ke maimaita mini.

Sun saki kuɗin daga baya, cif-cif, ba ragi. Amma kwana 11 ina kallon kuɗina a allo ina bai wa yarinya haƙuri, wannan ya ishe ni.

Sai dai fa ba kowa ne ke buƙatar na'ura ba. In duk abin da ka tara bai wuce ɗan abin da ka samu a Notcoin ba, kar ka sayi makullin da ya fi kayan ɗakin tsada. Ƙananan cikinsu ba su kai dala 100 ba, amma ga kuɗin turowa ga kwastam. Masu P2P kuma, kuɗin juyawa na yau da kullum dole ya zauna a dandali. Na'ura ta ajiya ce, ta abin da ba za ka taɓa ba sai bayan watanni.

To saye. A nan ake fara yanka mutane tun ba su kunna komai ba. Kar ka sayi ta hannu, ko a kwali take, ko amininka ne ya rantse Landan yus ce mai tsafta. Ko dai daga shafin kamfanin kai tsaye, ko daga dilan da kamfanin da kansa ya rubuta sunansa a shafinsa. Arha ba ta ado.

Dabarar da aka fi sani: ka buɗe kwali ka tarar da kati an riga an buga kalmomin sirri a kai, wani lokacin har da fentin kankarewa kamar katin waya, da takardar da ke cewa "yi amfani da waɗannan". Wanda ya buga su yana da kwafi, yana zaune yana jiran ka zuba kuɗi. Na'urar gaskiya ba ta zuwa da kalmomi, ba ta zuwa da PIN. A gabanka take ƙirƙirar nata.

A 2023 kamfanin Kaspersky ya bayyana wata jabun Trezor da aka buɗe aka sauya kayan cikinta aka mayar aka liƙe. Daga waje ba ka bambanta ta da ta gaske, tana aiki daidai, sai dai ɓarawon ya san makullin tun kafin a saye ta.

Akwai kuma maganar adireshin da za a kawo maka. A 2020 an kutsa rumbun bayanan kwastomomin Ledger, a watan Disamba aka baza sunaye da adireshin gida da lambobin waya na mutum kusan 272,000 a intanet. Ba a taɓa kuɗin kowa ta cikin na'ura ba, amma ɓarayi sun sami jerin gidajen masu kirifto kyauta. A 2021 wasu daga cikinsu suka fara samun jabun na'ura ta gidan waya, da wasiƙa wai musanya ce daga kamfani.

Shi ya sa ni ban ba da adireshin gida ba. Ofishin masu kai saƙo na je na karɓa, da wani layin waya daban.

Ranar haɗawa na jira gida ya yi shiru, na caja kwamfuta ta cika don NEPA ba ta da alkawari, na kulle ƙofa, na bar wayata a wani ɗakin. Za ku ce na cika tsoro. Waya tana da ido biyu, gaba da baya, kuma ni ban san duk wanda na bai wa izinin leƙawa ta cikinsu ba.

Manhajar kamfanin, da hannunka za ka rubuta adireshin shafinsu. Kar ka danna na farkon da Google ya nuna maka, wurin nan talla ne, kowa na iya saye. A Nuwamban 2023 an sami jabun manhajar Ledger Live a cikin shagon Microsoft kansa, kuma ta kwashe kuɗin mutane kafin a cire ta. Manhajar gaskiya za ta fara gwada na'urar ta tabbatar ba jabu ba ce, ka bar ta ta gama.

Sai PIN. A Ledger lamba 4 zuwa 8 ce, in aka yi kuskure sau 3 a jere na'urar ta goge kanta. Yawancin na'urorin Trezor na haƙuri har sau 16, amma kowane kuskure yana ninka lokacin jira. Wannan shi ne amsar "in aka sace ta fa". Ɓarawo ya ɗauki ƙarfe, sai dai in PIN ɗin naka shekarar haihuwarka ce ko 1234, to nan kai ka ba shi.

Yanzu mun zo wurin. Na'ura za ta fara nuna maka kalmomin Turanci ɗaya bayan ɗaya a allonta, 24 ko 12, wasu sababbin Trezor kuma 20. Waɗannan kalmomin su ne kuɗin. Ban ce suna kare kuɗin ba, su ne shi. Duk makullanka, na Bitcoin da na Ethereum da na Tron, daga jikinsu ake haifo su. Wanda ya gan su ba ya buƙatar na'urarka, ba ya buƙatar PIN, ba ya buƙatar ya san sunanka.

Masu 12 da 24 ɗin ana ɗebo su ne daga wani jeri mai kalmomi 2,048, ƙa'idar da ake kira BIP39, tun 2013 aka tsara ta. Jerin a buɗe yake kowa na iya gani, "abandon" ce ta farko, "zoo" ta ƙarshe. Sirrin yana cikin waɗanne aka ɗebo da yadda aka jera su.

Wani ƙanina ya ce, to ai mutum zai iya zama ya yi ta canka har ya dace. Yawan hanyoyin da kalmomi 24 za su iya fitowa lamba ce mai tsawon alƙaluma 78. Biliyan ɗaya alƙaluma 10 ce kacal. Ka ci gaba da jera sifili har ka kai 78 sannan ka zo mu yi maganar canka. Ba a canka ake sace kalmomin mutane ba, roƙonsu ake yi su miƙa da hannunsu.

Masu Pi sun san wannan. Walet ɗin Pi ma kalmomi 24 gare shi, kuma kun ga yadda shafukan ƙarya suka cika gurufan WhatsApp da Telegram da "saka kalmominka a tantance ka". Duk wanda ya saka, ya san yadda ta ƙare.

Wajen rubutawa, a hankali. Biro mai kyau, manyan baƙaƙe, lamba a gaban kowace kalma, don jerin ma na cikin sirrin. Turanci ba harshenmu ba ne, kuma jerin cike yake da 'yan'uwan juna: wood, wool, word, work, duk suna ciki. In rubutunka irin na likita ne, bayan shekara biyu kai kanka ba za ka rabe "d" da "l" ba.

Abu ɗaya mai daɗi: an zaɓi kalmomin ne ta yadda haruffa huɗu na farko sun isa a gane kowace. Kuma kalmar ƙarshe tana ɗauke da lissafin tantancewa, in ka rubuta wata ba daidai ba galibi na'ura za ta ƙi karɓa. Amma ba za ta gaya maka wacce ce ba.

Kar ka ɗauke su hoto. Kar ka tura wa kanka a WhatsApp. Kar ka sa a imel ko littafin rubutun waya, ko da "na minti biyu ne zan goge". Hoto na shiga waya yake tafiya Google Photos ko iCloud ba tare da ya yi maka sallama ba. A Fabrairun 2025 an gano wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa SparkCat, ta ɓuya a cikin manhajojin Google Play da App Store, aikinta karanta rubutun da ke cikin hotunan mutane tana neman irin waɗannan kalmomin.

Mataki na gaba shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa, kuma ni a wurina ya fi komai. Kafin ka zuba kuɗin gaske, ka gwada takardarka.

Na tura dala 10 kacal zuwa sabon adireshin, na ga ta shiga. Sannan da gangan na goge na'urar ta koma kamar yau aka fito da ita daga kwali. Wallahi dala 10 ce, amma da allon ya nuna mini gaisuwar sabuwar na'ura sai da gabana ya faɗi. A lokacin ne ya shiga kaina sosai cewa babu wani ofishi da zan je, babu lambar da zan kira, daga ni sai takardar da ke kan cinyata.

Na zauna na shigar da kalmomin ɗaya-ɗaya da 'yan maɓallan nan, harafi-harafi, aikin da ke cin lokaci kamar tsince tsakuwa a shinkafa. Da na gama, adireshin nan dai ya dawo, dala 10 na zaune inda na bar ta. Sai bayan nan na kwaso sauran. Kamfanonin suna da hanyar gwada kalmomin ba sai an goge ba, ita ma ta yi. Ni dai na fi son in gani da idona.

Gwajin nan ya koya mini wani abu kuma. Tunda ƙa'idar BIP39 ba ta kamfani ɗaya ba ce, ko wanda ya ƙera na'urata ya rufe gobe, kalmomina za su buɗe a na'urar wani kamfanin da ke bin ƙa'idar. Amma kar a ce babu yarda ko kaɗan a ciki. A Mayun 2023 da Ledger ya sanar da tsarin Recover, wanda in ka yi rajista yake raba sirrin gida uku ya ajiye a hannun kamfanoni, mutane sun yi ca, don sun gane manhajar cikin na'urar tana iya fitar da shi in an rubuta ta haka. Ni ban shiga ba, kuma ba na sabunta manhajar ciki sai na karanta abin da aka sauya.

Mu koma taga. Akwai ƙwayar cutar kwamfuta da aikinta ɗaya ne: ka kwafi adireshi, kafin ka liƙa ta musanya shi da na ɓarawo. Akwai kuma masu turo maka ɗan ƙaramin kuɗi daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da wanda ka saba turawa, don wata rana ka kwafo nasu daga tarihin cinikinka. A Mayun 2024 wani ya tura kusan dala miliyan 68 ta haka. Shi ya ci sa'a an dawo masa da su. Kai da ni ba za a dawo mana ba.

Don haka abin da allon na'ura ya nuna shi ne gaskiya, na kwamfuta ji-ta-ji-ta ne. Ka karanta adireshin duka, har tsakiyarsa, ka karanta adadin, sannan ka danna. Haka in za ka karɓi kuɗi, ka sa na'urar ta nuna maka adireshin a allonta kafin ka bai wa kowa.

Kar ka ga kamar ƙananan mutane kaɗai ake yi wa. Fabrairun 2025 an kwashe wa Bybit kusan dala biliyan 1.5. Manyan ma'aikata ne suka sa hannu da kansu, abin da suka gani a allon kwamfuta daban, abin da suka sa wa hannu daban. Dattijon nan na cikin ɗaki ba ya musu da kai. In ka ce ya buga hatimi a takardar da ba ka karanta ba, zai buga.

Saboda haka na'urata ba ta zuwa shafukan kyauta. Farautar eyadirof da sababbin koyin tana da nata walet ɗin waya daban, mai ɗan abin da in an kwashe zan yi tsaki in kwanta.

A gurguje, maganar layi: USDT na Tron adireshinsa da T yake farawa, na Ethereum da 0x. Ka tabbata layin da ka zaɓa a dandali shi ne na adireshin. Kuma ka ajiye ɗan TRX a ciki, in ba haka ba ranar da za ka fitar da USDT ɗinka a Tron za ka tarar ba kuɗin mota.

To ina za a ajiye takardar? A nan ne shawarar Turawa ke gaza mana, don su ba su san gara ba. Takarda a gidajenmu tana da maƙiya da yawa: gara, ɓera, yoyon damina, gobara, da uwa-uba mai shara. Takardar da aka yi wa rubutun Arabiyya ana ɗagawa a sa a sama. Wadda aka jera wa kalmomin boko marasa ma'ana kuwa, ko a hura wuta da ita ko a ƙunshe ƙosai.

Ku tuna Maiduguri a Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare. Mutane da kayan jikinsu suka fita, takardun makaranta da na filaye suka jiƙe suka narke. Duk wanda na'urarsa da takardarsa ke aljihun tebur ɗaya, ruwa ɗaya ya tafi da su.

Wani abokina ya ce in ba baduku ya ɗinke ta kamar laya, ba mai buɗe laya. Dabarar ta ba ni dariya, kuma ba laifi, sai dai badukun zai riƙe takardar a hannunsa, fata kuma ba ta hana wuta.

Ni ƙarfe na zaɓa. Na sayi ɗan faranti na ƙarfe mara tsatsa da ƙusoshin buga haruffa, irin na masu buga lamba a jikin inji, na buga haruffa huɗun farko na kowace kalma da guduma. Da kaina. Kar ka kai wa mai walda ko mai zanen allo ka ce ya rubuta maka. Maƙwabta sun sha ƙara ranar, an ɗauka gado nake gyarawa.

Kwafi biyu, a wurare biyu da wuta ɗaya ko ruwa ɗaya ba zai haɗa su ba. Masu cewa a yanka gida biyu, 12 nan 12 can, su sani in rabi ya ɓata duka ya ɓata. Masu cewa sun haddace kuwa, zazzaɓi ɗaya ko hatsari ɗaya ya isa.

Ɓata na cin kuɗin mutane kamar yadda sata ke ci. James Howells na garin Newport a Birtaniya, tun 2013 faifan kwamfutarsa mai makullin Bitcoin kusan 8,000 ke binne a juji. Ya yi shekaru yana roƙon a bar shi ya tona, a Janairun 2025 kotu ta kori ƙararsa. Kuɗin na nan a bulokcen, yana iya kallon su kullum.

Akwai ƙarin kariya da ake kira kalma ta 25. Ita kai ne ke ƙirƙirar ta, kuma in ka haɗa ta da 24 ɗin sai wani walet daban ya buɗe, ɓoyayye. Wanda ya tsinci farantinka zai ga na fili kawai. A 2020 masu binciken Kraken sun nuna cewa wanda ya riƙe tsofaffin Trezor a hannu, da kayan aiki, zai iya zaro sirrin cikin kusan minti 15, kuma wannan ƙarin kalmar ce maganin da aka bayar.

Amma wuƙa ce mai kaifi biyu. Na'ura ba ta cewa ka yi kuskure a kalma ta 25. Ka sauya harafi ɗaya, ko ka sa babba a wurin ƙarami, sai ta buɗe maka wani walet fanko tana murmushi. In za ka yi, ka rubuta ta, ka ajiye ta nesa da 24 ɗin, ka gwada ta kamar yadda ka gwada su.

Duk wannan bai hana mai wuƙa ba. A Janairun 2025 an yi garkuwa da David Balland, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ledger, a Faransa, aka yanke masa yatsa kafin jami'an tsaro su ceto shi. Faransa ke nan. Mu da muke fama da masu garkuwa da 'yan ƙwacen waya ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani.

Baki shi ke yanka wuya. Hoton ribar da kake ɗorawa a sitatus, ba 'yan'uwa kaɗai ke gani ba. Na'urar ma ba abin ratayawa a makullin mota ba ce. Za ku lura a duk zaren nan ban faɗi nawa ba, ban faɗi ina ba.

Saura maganar da matasa ba sa son ji. Ka ɓoye wa ɓarawo, ka ɓoye wa gara, ka ɓoye wa kowa. To in ta Allah ta kasance fa?

In kuɗi na banki, magada za su bi kotu su karɓo takarda, a wahalce dai, amma banki zai saki. A nan babu alƙalin da zai umarci bulokcen. Kuɗin za su zauna a adireshinka har tashin duniya, ga mahaifiyarka ga marayunka ana haɗa musu taimako. Kuma daga ranar da ka rasu, dukiyar nan haƙƙin magada ce, kowa da rabon da aka yanka masa. In akwai amanar wani a ciki ko bashi a kanka, nauyin ya ƙaru.

Wannan ne ya fi ɗaukar mini lokaci, fiye da saye da haɗawa da buga ƙarfe. Yadda za a ce mutanena za su iya kaiwa gare su bayan raina, amma ba wanda zai iya shi kaɗai ina raye. Ba don zargi ba. Kar dai in ɗora wa mutum jarrabawar da bai nema ba.

Tsarin da na tsaya a kai: mutum ɗaya ya san inda ƙarfen yake, wani daban yana riƙe da ƙarin kalmar a rufe, sai wasiƙa da Hausa da ke bayanin mene ne wannan, wa za a nema, da matakan ɗaya bayan ɗaya. Babu kalma ko ɗaya ta sirrin a cikin wasiƙar.

Da na kai wa yayana ambulan ɗin, ya juya shi ya ce, "Kai dai ba ka rabo da abin mamaki. Kuɗi ne a ciki?" Na ce, "A'a Yaya, hanyar kuɗi ce. In na riga ka, ka buɗe a gaban Umma." Ya yi shiru, ya ce in daina yi masa irin wannan maganar da rana tsaka. Amma ya tashi ya sa a inda yake ajiye takardun gida.

Layin da na rubuta da manyan baƙaƙe a wasiƙar shi ne kada su kai kalmomin wurin "yaron nan da ya iya kwamfuta", kada su rubuta su a kowane shafi, kada su karanta wa kowa a waya. Mutanen da ke cikin makoki ba su san kirifto ba, su ne suka fi sauƙin cuta. Na rubuta musu su sayi sabuwar na'ura, su zauna tare, wanda zai taimaka ya nuna da baki, su su danna da hannunsu.

Duk shekara bayan Babbar Sallah nake duba komai: ƙarfen na nan, na'ura na kunnuwa, ban manta PIN ba, abin da ke wasiƙar bai tsufa ba.

Yanzu da na saki zaren nan, ku kalli ƙasansa. Saboda na ambaci Ledger da Trezor da MetaMask, za ku ga wasu asusu masu tambarin kamfani sun taso da "muna ba da haƙuri kan matsalar da ka samu, tuntuɓi sashen taimako", da linki ko adireshin imel. Inji ne ke farautar sunayen. Kamfanin da ya ƙera na'urar ba ya tambayar kalmominka, ni ma ba na shiga akwatin saƙon kowa. In kun ga irinsu ku kai rahoto ku toshe, ni ma zan riƙa ɓoye waɗanda na gani.